Madubin bindiga mai ganin zafi ba shi zai tsare maka kaji ba



Makon jiya wani ɗan uwa ya yi mini magana ta bayan fage, ransa a ɓace. Ya wayi gari ya tarar da buroila 37 'yan sati huɗu a kwance, wasu an cinye musu kai, wasu cizo ne kawai a wuya. Sai ya haɗo mini da bidiyon Turawa suna harbin aladun daji cikin duhu da wani madubi da ake ɗaura wa bindiga, dabbar ta fito fari tas a allo kamar an shafa mata alli. Ya ce, "Malam, a ina zan samu irin wannan? Ko nawa ne zan saya." Allah Ya mayar masa da alheri. Amma na ce masa kada ya saya, kuma tunda na san ba shi kaɗai ne ke wannan tunanin ba, bari in kawo dalilaina nan kowa ya gani.

Wannan madubi ba haske yake gani ba, zafi yake gani. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wani tururin zafi da idonmu ba ya kamawa, na'urar da ke ciki ta auna shi ta mai da shi hoto. Shi ya sa ba ruwansa da fitila ko farin wata. Kaza da zafin jikinta ya kai kusan digiri 41, ko muzuru, ko kare, ko mutum, duk za su fito sarai idan wurin da ke kewaye da su ya fi su sanyi. Wannan sharaɗin na ƙarshe ku riƙe shi, za mu dawo kansa.

Bidiyon nan da ke ruɗar mu yawanci daga Amurka suke, musamman jihar Texas, inda aladun daji ke tone gonaki su yi ɓarna mai yawa. Abin ya kai tun 2019 jihar ta cire sharaɗin lasisin farauta ga wanda zai harbe su a filin da mai shi ya ba da izini. Can gona ce fetal, ka hangi nesa babu gida babu mutum, ga dabba ƙatuwa tana tafiya garke guda. To kai fa? Gonarka tana bayan gari, katangar maƙwabci na nan kusa, hanyar masu babur ta bi ta gefe, abin da kake nema kuma bai wuce tsawon hannunka ba.

Sannan a duba su wa ke mana ɓarnar. Muzuru, tunku, gafiya, ɓeraye da karnukan unguwa, waɗannan madubin zai nuna su. Amma maciji fa? Kumurcin da ke shanye ƙwai zafin jikinsa yana bin zafin wurin da yake kwance ne, saboda haka sau da yawa sajewa yake da ƙasa. Masu kifi ku abin ya fi shafa. Guza da tsari da kwaɗi duk haka suke, kuma madubin ba ya ratsa ruwa, saman kandamin kawai zai nuna maka. Tarwaɗarka ba za ka gan ta ba balle abin da ke cin ta a ƙasa. Ba ya ratsa bango, ba ya ratsa gilashin taga ma. Zalɓe kuwa da rana tsaka yake zuwa, ido ma ya ishe ka.

Ga kuma yanayinmu. A watan Maris da Afrilu bulo da kwano da duwatsu suna shan rana yini guda, su riƙe zafin har dare ya raba. Ka ɗaga madubin ka ga bango fari, dutse fari, gafiyar da ke bin gindin bango ta ɓace a ciki. Da damina kuma laima a iska tana dusashe hoton. Lokacin da yake aiki da kyau shi ne da asuba ko cikin hunturu.

Amma duk wannan ba shi ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne bambancin gano cewa akwai abu da gane ko mene ne abin. Kamfani zai rubuta a kwali cewa yana hango abu daga mita dubu ko fiye, kuma ba ƙarya ya yi ba, ɗigon fari za ka gani. Nisan da za ka iya rantsuwa cewa wannan kare ne ba ɗan akuya ba, ko ba yaro ne a tsugune ba, bai kai kusa da haka ba, musamman ƙananan masu ƙwayar hoto 256 sau 192. Ba ya nuna fuska, ba ya nuna launin riga. Yanzu ka ɗauki mutumin da ya yi asarar kaji 37, bai yi barci ba kwana uku, zuciya na tafasa, yatsa a kan kunama. Maigadinka ya zagaya bayan keji ya tsuguna zai kama ruwa. Wallahi kaji dubu ba su kai wannan ba. Kuma tunda dole sai ka nuna bakin bindiga wajen abu kafin ka duba shi, duk wanda ka leƙa ka riga ka auna shi ke nan.

Sai maganar hukuma. A Najeriya riƙe bindiga sai da lasisi, dokar makamai ta 1959 har bindigar toka ba ta bari ba. Kayan ganin dare kuma suna cikin abubuwan da shigo da su ke buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka yi odarsa ta intanet haka kawai, kana iya jawo wa kanka tambayoyin da ba ka da amsarsu. A halin da Arewa ke ciki, wa zai tsaya jin bayanin muzuru idan aka tare ka da bindiga mai madubin dare? Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025 ba, suna hanyar komawa Kano da bindigoginsu na gargajiya. Allah Ya jiƙansu.

Kuɗin ma fa? Mai ɗan dama-dama yana kamawa daga wajen dala 1,000, manyan kamar na Pulsar masu ƙwayar hoto 640 suna haura dala 3,000. Ka juya shi zuwa naira ka ga raga bandir nawa zai saya. Raga mai ido rabin inci, a binne gindinta kamar santimita 30 cikin ƙasa, a yi daɓen siminti, a toshe ƙasan ƙofa, a share ciyawar da ke kewaye, a daina barin buhun abinci a ƙasa, a sa fitilar sola. Kandami a kewaye shi a rufa masa raga ta sama. Raga ba ta gyangyaɗi, kai kuwa dole ka yi.

Kada a ce na tsani fasahar, a'a. Akwai ƙaramar kyamarar zafi da ake maƙala wa waya, irin su FLIR One, da ta riƙewa a hannu, farashinsu bai kama ƙafar na bindiga ba. Wannan kam ina ganin amfaninta ga mai kiwo. Na taɓa aron ta na shiga ɗakin 'yan tsaki, inda ake son digiri 32 zuwa 35 a satin farko, sai ga shi gefen gawayi ya yi zafi da yawa, kusurwar ƙofa kuma sanyi ƙalau, alhali ma'aunin da na rataye a tsakiya yana ce mini komai lafiya. Tana nuna wayar lantarkin da ta fara ɗaukar zafi kafin ta zama gobara. Da asuba kuma ka zauna shiru ka ga ta inda ɓeraye ke shigowa, gari na wayewa ka toshe.

Mafarautan da ke cikinmu masu takardunsu cikakku, in har kuna da madubin, kowane iri ne, ku kula da shi. Kada a nuna mai ganin zafi ga rana ko wutar walda, na'urar cikinsa na iya ƙonewa. Ƙurar hunturu a fara hure ta kafin a goge da ƙyalle mai laushi, ba da bakin riga ba, domin gilashin gabansa ba irin na tabarau ba ne kuma canjinsa tsada gare shi. A cire batir in za a ajiye, kada a bar shi cikin mota a rana. Kusoshin maɗaurinsa a ɗaure su daidai, ba a murɗe da ƙarfin tsiya ba, kuma duk lokacin da ya faɗi ko ya bugu a sake gwada saiti a wurin da bayansa tudu ne. Ɗan ƙaran "ƙas" da yake yi hoton ya tsaya na ɗan lokaci ba lalacewa ba ce, daidaita kansa yake.

Shi dai ɗan uwan namu na ce ya barbaɗa toka a kewayen ɗakin kafin ya kwanta. Da safe ya turo mini hoton sawu, ya bi shi har wata kafa a ƙasan ƙofar baya inda katako ya ruɓe, faɗinta bai wuce tafin hannu ba. Kafinta ya gyara a yinin. Wanda ya iya gane sawu a cikinku ya yi magana a ƙasa in sa hoton, don ni na ce tunku ne, shi kuma ya dage muzuru.