Wa Ke Riƙe da Alƙalaminka, So ko Tsoro?



Kusan dukkanmu don sha'awa muka fara rubutu. Amma a bari mutum ya shekara yana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, sai a tarar mai tuƙa alƙalamin ya canza, tsoro ya karɓe shi. Tsoron kada masu karatu su watse in an kwana biyu ba sabon shafi. Tsoron zagin da zai biyo baya in aka kashe tauraruwar da suke so. Tsoron wance ta fitar da littafi uku bana, ni ina nan da guda. Mu kuma da ke ƙananan garuruwa irin su Sandamu, Fago da Karkarku muna da wani na ƙari wanda ɗan birni bai cika saninsa ba, domin a nan kowa ya san gidan kowa. Ka rubuta labarin azzalumin mai gari, kafin la'asar 'yan majalisa sun gama yanke wanda kake nufi. Budurwa ta rubuta labarin auren dole, a ce asirin gidansu take tonawa, har maganar ta kai kunnen dangin mai nemanta.

A ganina, rubutun da tsoro ya haifa mai shi yake fara cuta kafin ya cuci adabi. Allah ya halicci tsoro ne don ɗan lokaci. Ka ci karo da kububuwa a gona, gabanka ya faɗi, ka yi tsalle, bayan nan jiki ya koma daidai. Ba a yi shi don a zauna cikinsa wata da watanni ba. Marubuciyar da ke farkawa ƙarfe biyun dare tana duba mutum nawa suka yaba, nawa suka kushe, kullum kububuwar tana ƙarƙashin filonta. Barci ya ƙaurace, kai ya riƙa sarawa, a riƙa yi wa yara tsawa ba laifin tsaye ba na zaune. Abin da a da take ɗokin ta gama aikin gida ta zauna ta yi, yanzu ya koma bashin da ake binta. Mun sha ganin masu baiwa sun ajiye labari a tsakiya sun ɓace, a ce hidima ta yi musu yawa. Sau da yawa zuciyar ce ta gaji.

Littafin ma yana nunawa. Me ya sa labarai da yawa suka zama uwa ɗaya uba ɗaya, attajiri mai izza, yarinya 'yar talakawa, muguwar kishiya da bokanta? Ba don marubutan ba su san wata rayuwa ba ne. Wannan hanyar ce aka riga aka share, ba ƙaya. Haka wasu ke cusa batsar da su kansu ba za su so ƙannensu su karanta ba, don gudun kada littafi ya ƙi sayuwa.

Mu 'yan ƙasar Daura mun tashi da labarin rijiyar Kusugu. Ruwa na nan a rijiya, amma gari guda ba mai ɗiba sai ranar Juma'a, saboda maciji. Abin da na fi lura da shi a labarin, Bayajida bai nufi rijiyar don a kira shi jarumi ba. Ruwa yake bukata, tsohuwar da ta sauke shi kuma ba ta da shi. Macijin na nan, haɗarin na nan, bukatar ce ta fi su nauyi. So ma haka yake aiki. Ba ya kawar da masu suka, yana dai ba ka dalilin da ya fi su girma.

Dubi Balaraba Ramat Yakubu. Tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, duk da haka ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, tana magana a kan auren wuri da wulaƙanta mata a lokacin da faɗin hakan ke jawo wa mace baƙin jini. Ita da su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da sauran 'yan ƙungiyar Raina Kama sun sha suka a jaridu, aka laƙaba wa aikinsu Adabin Kasuwar Kano, sunan da da raini aka fara kiransa. A 2007 har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Da tsoron baki ne jagoransu, da tuni an manta da su. Sai ga shi a 2012 Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, aka buga shi a Indiya. Ba ina cewa duk abin da marubutan wancan zamani suka rubuta mai kyau ba ne, akwai tarkace a ciki. Amma waɗanda suka dawwama, za ka ji marubucin ya damu da mutanen da ke cikin labarinsa.

Na san wani zai ce, to ina tsoron Allah, ina kunya? Ai ba su nake nufi ba. Mai tsoron Allah na gaskiya shi ne ya fi kowa hutawa da tsoron mutane. Kunya kuwa Bahaushe ya riga ya raba ta da tsoro da ya ce tsoro na daji, kunya na gida. Kunya daga girmama mutane take fitowa, wato 'yar gidan so ce. Wanda ke son garinsu zai rubuta zaluncin da ya gani, amma zai sauya suna, ya sauya kama, ba zai tozarta maƙwabcinsa don a ce ya iya ba. Tsoro kam cewa zai yi kada ka taɓa maganar sam.

Kada kuma a ɗauka aiki da so na nufin sakaci, ko rubutu kyauta. Manomin da ke son gonarsa ya fi kowa yawan noma, kuma yana kai geronsa kasuwar Mai'adua ya sayar da daraja. Mai son labarinsa shi ke komawa ya gyara ƙ da ɗ da ɓ, ya raba kalmomin da suka manne, ya goge babi guda da ya sha wahalar rubutawa don ya ga ba ya ƙara komai. Mai tsoro ba shi da wannan lokacin, sauri yake kada a bar shi a baya.

Don haka 'yar'uwa, in sau biyu a mako kike iya sakin shafi ba tare da kin hana idonki barci ba, faɗa wa masu karatunki haka tun farko. Wasu za su tafi, ki yi musu fatan alheri. Gasar Hikayata da BBC Hausa ke shiryawa tun 2016, ki shiga in kina da labarin da ke cin ranki, ba don kada a ce ba ki taɓa shiga ba. Kai ma ɗan'uwa, labarin nan da ka ɓoye a waya shekara biyu don gudun 'yan majalisa, sauya sunayen ka turo mana shafin farko a makon nan, mu karanta mu gyara tare.