Kwalbar Inabi Ba Ta Ƙara Daraja Don Ta Tsufa A Falo



Wata ɗabi'a ta shigo mana, kuma gara mu tanka tun ba ta zama al'ada ba. Yanzu da wuya a yi biki ko suna ko walima a Luggere ba ka ga an jera dogayen kwalaben lemon inabi masu ƙyalli a wuya ba. Wannan ba laifi ba ne, kowa da ƙarfin aljihunsa. Abin da ke ba ni takaici shi ne maganar da ke biye da kwalaben, wai ai "wayin" ne, shi kuwa wayin sai ya tsufa yake daɗi. Da wannan magana uwargida ke ajiye kwalba shekara uku a durowar falo tana jiran babban baƙo. Da ita kuma wasu masu shaguna ke tura wa jama'a kayan da suka yi kwantai.

Jama'a, wannan jin ƙai ne ba a ji gindi ba. Maganar ta Turawa ce, kuma a kan giyar inabi suke yin ta, abin da addininmu ya haramta. Ba sai mun sha ba kafin mu san yadda abin yake, domin rashin sanin ne ake cutarmu da shi.

Su kansu masu giyar ba su ce kowace kwalba tana gyaruwa da tsufa ba. Mafi yawanta ana shanye ta ne cikin 'yan shekaru kaɗan. Shekarar da suke bugawa a jikin kwalba ita ce shekarar da aka tsinki inabin, domin yanayin wannan shekarar shi ke nuna ko za ta jure ajiya. Idan shekara ta yi sanyi, inabi kan nuna a hankali, zaƙinsa ya ragu, tsaminsa ya yi yawa. Farar giya da tsamin nan take daɗewa, launinta na komawa ruwan zinariya sannu a hankali. Shi ya sa ake yabon ta yankin Shamfen na Faransa ta shekarar 1996 da ta 2008, masu tsami sosai. Ita kuwa ja, abin da ke riƙe ta shi ne baurin ɓawon inabi da ƙwallonsa, irin baurin da kake ji a goro. Idan sanyi da ruwa suka hana inabin nuna sosai, sai ta fito ba kauri, ƙanshinta ya gudu tun baurin bai kwanta ba. Haka masu gonakin Bodo suka sha wahala a 2013. Ka ga ke nan sanyi ɗaya na iya gyara fara ya ɓata ja.

Bayan haka, sai an kwantar da kwalbar a wuri mai duhu, mai sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 14 ba, shekara da shekaru. To ina Yola ina wannan? Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Maris da Afrilu, ga wuta ba tabbas, ga kwalabe a baje bakin shago rana na dukansu tun hantsi. Ko giyar da aka yi don ajiya, a nan dahuwa za ta yi.

Balle lemon da muke saye. Shi ruwan inabi ne mai zaƙi da aka ɗura wa iska aka toshe. Ba shi da barasar da ke tsare waccan, ba a kuma yi shi don ajiya ba. Kama da wane ai ba wane ba ne. Duba jikin kwalbar da kyau, abin da kamfani ya buga shi ne ranar da aka yi shi da ranar da zai ƙare aiki. Daga nan sai lalacewa: launi ya dushe, iska ta fice, ɗanɗano ya gushe. Idan kuwa murfi ya saki ƙwayoyin yis suka shiga, zaƙin nan na iya rikiɗewa ya fara zama barasa. Wato abin da ka guje wa shi kake reno a falonka.

Na san wani zai ce ai mun sha ba abin da ya same mu. To wanda ya tsallake rijiya da baya, sa'a ce ya yi, ba dabara ba. Kuma ko ciki bai ɓaci ba, kuɗin sabon kaya ka biya aka ba ka matacce. Baƙon da ka ce kana girmamawa, ragowar bikin shekaran jiya ka ba shi.

Don haka 'yan uwa, kafin ka miƙa kuɗi a kasuwar Jimeta, juya kwalbar. Duba ranar ƙarewa, ka duba lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa tun 1993 don irin wannan aiki. Duba kuma adadin barasa, domin akwai wanda giya ce aka cire mata barasa, akan bar har kashi 0.5 cikin ɗari, wannan kuwa sai ka tambayi malaminka. In ka ga kwanan wata a kankare, ajiye masa kayansa. Ku kuma 'yan kasuwarmu, ku ji tsoron Allah, mu baƙi ne da amana ta zaunar da iyayenmu a garin nan. Wadda ke durowar falo, in lokacinta bai wuce ba a buɗe wa yara su sha yau, in ya wuce a zubar.

Allah Ya sa mu gane. Wassalam.