Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa: A Tsaga Kai Ko A Zura Waya?

Ran nan wani dattijo dillalin doya a nan Lafia ya tare ni da takardar asibiti a hannunsa. Babur ne ya ka da shi, aka kai shi Abuja aka ɗauki hoton kansa. Faɗuwar ba ta yi masa lahani ba, amma hoton ya tono wani abu dabam, watau wata jijiyar jini a gindin ƙwaƙwalwarsa ta yi ƙululu, kamar yadda tiyub ɗin keke yakan kumbura a wurin da ya yi laushi. Bai dai fashe ba. Likita ya ba shi zaɓi biyu, ya komo gida barci ya gagare shi.

Hanya ta fari ita ce fiɗa. Akan buɗe ƙoƙon kai, a matse wuyan ƙululun da ɗan ƙarfe don jini ya daina shiga. Dokta Walter Dandy ne ya fara yin haka a Amurka cikin 1937. Joe Biden ma an yi masa irin wannan aiki har sau biyu cikin 1988, ya kuwa rayu har ya shugabanci Amurka.

Hanya ta biyu ba a taɓa ƙoƙon kai. Akan zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har ya isa ƙwaƙwalwa, sa'an nan a cusa lallausar waya cikin ƙululun, jini ya daskare a ciki, ya toshe. Wani likita Ba'italiye, Guido Guglielmi, shi ya ƙago dabarar, aka fara aiki da ita a 1990.

Kowa ya ji wannan sai ya ce ai ta biyu ta fi. Akwai hujja kuwa. Wani babban gwaji da aka bayyana a 2002, kan majiyyata 2,143, ya nuna cewa bayan shekara guda, wajen 24 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa waya sun mutu ko sun nakasa, alhali na fiɗa sun kai 31. To, amma fa waɗannan duka nasu ya riga ya fashe. Ga wanda nasa bai fashe ba, gwajin da likitocin Kanada suka jagoranta, aka bayyana a 2023, ya nuna fiɗa ta fi rufe ƙululun gaba ɗaya, ko da yake ta fi tsawon jinya, ta kuma fi barin rauni a jiki bayan aiki.

A ganina, nan ne mutumin Lafia ya kamata ya yi lissafinsa. Waya takan lotsa, ƙululun ya sake buɗewa, saboda haka tilas a riƙa komawa ɗaukar hoto shekara da shekaru. Wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin aiki, ina zai sami na zirga-zirga ta Akwanga da Keffi zuwa Abuja? Ya kamata a faɗa masa wannan tun kafin ya sa hannu.

Har ila yau akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba, watau a bar shi ana sa ido. Kimanin mutum 3 cikin ɗari na manya suna yawo da irin wannan ƙululu ba su sani ba, akasarinsu kuwa har abada ba ya fashewa. Binciken 2003 ya nuna wanda bai kai milimita 7 ba, in yana jijiyoyin gaba, da wuya ya fashe cikin shekara biyar. Hawan jini da shan taba su ne manyan masu ingiza shi.

Na karanta takardar dattijon, nasa milimita 5 ne. Na ce ya koma ya tambayi likitan ko tilas ne a taɓa shi yanzu, kuma wace hanya ce hannunsa ya fi sabawa da ita. Kwalin sigarin da ke aljihunsa kuwa, ni na karɓe.