Filin Ƙere-Ƙere: Lanƙwasa Wayar Tuƙin Ƙaramin Jirgi

Yau za mu duba wani abu da masu haɗa ƙananan jiragen sama na rimot suke rainawa, alhali shi ke kayar da jirgi: wayar tuƙi. Ita ce siririyar wayar ƙarfe da ke tashi daga hannun ƙaramin injin nan da ake kira servo, ta je ta kama filafilin jela. Idan injin ya tura ta ko ya ja ta, filafilin ya motsa, jirgi ya yi sama, ko ƙasa, ko ya karkata. Idan ta lanƙwashe a sararin sama, ko ta karye, aikin wata guda ya tashi a banza.

Wayar da aka fi amfani da ita ana ce mata wayar fiyano. Baƙin ƙarfe ce mai sinadarin kabon kimanin kashi 0.7 zuwa 1 cikin 100. A masana'anta ana jan ta ta cikin ƙananan ramuka ba tare da wuta ba, har ta yi tauri kamar sifirin. Shi ya sa in ka tanƙwara ta kaɗan ka saki, sai ta koma yadda take. Ga ƙaramin jirgi na soso, mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5 ta isa.

Wannan taurin ne ke sa wasu su kai ta wuta don ta yi laushi. To a nan ake yin ɓarna. Idan ka gasa waya ta yi ja, ka bar ta ta huce a hankali, za ta yi laushi, kuma taurin nan na masana'anta ya tafi ke nan. Iska na danna filafili, wayar ta lanƙwashe ta tsaya a haka. Idan kuwa ka tsoma ta a ruwa tana ja, za ta yi tauri fiye da kima, ta riƙa karyewa kamar gilashi. Maƙera sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba kowane ƙarfe suke jefawa a ruwa ba.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: lanƙwasa wayarka da sanyinta. Ƙarshen da zai shiga ramin hannun injin ana yi masa siffar harafin Z. Ka bar kamar milimita 6 daga baki, ka damƙe da filaya mai ƙarfi, ka danna wayar daf da bakin filayar har ta yi kusurwa mai digiri 90. Ka ɗan zarce kaɗan, domin tana komawa baya in an sake ta. Sai ka matsa gaba gwargwadon kaurin hannun injin, ka sake lanƙwasawa zuwa ɗaya ɓangaren. Kowace gaɓa sau ɗaya tak. In ka yi kuskure, yanke wurin ka sake sabo, domin miƙewa da sake lanƙwasawa na sa ƙarfe ya tsage ta inda ido ba ya gani.

Wajen yanka ma a kula, wayar fiyano tana cin bakin almakashin waya. Ka goga mata tsaga da magagari, sannan ka karya ta da filaya biyu.

Idan wayar ta yi kauri har ta gagara, a nan ne kawai za a nemi wuta. Riƙe ta da awartaki ko filaya kusa da baki, don ƙarfen ya shanye zafin kada ya bi jikin wayar. Gasa santimita ɗaya kacal na ƙarshenta a murhun gas har ya yi ja, ka binne shi a toka ya huce. Kada ka gasa waya mai rufin tutiya, irin ta shinge, hayaƙinta na cutar da huhu. Ka sa tabarau na kariya, kuma malami ko wani babba ya kasance a wurin.

Abu na ƙarshe: doguwar waya, ko da mai tauri ce, tana yin baka idan aka tura ta. Maganin wannan shi ne a zura ta cikin siririn bututun roba, a manne bututun a jikin jirgi.

Ga aikin wannan mako. Yanki waya uku daidai da juna. Bar ta farko yadda take, gasa ta biyu ta huce a toka, gasa ta uku ka tsoma a ruwa. Lanƙwasa kowace da filaya, ka rubuta abin da ya faru, ka kai wa malamin kimiyya ku tattauna. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.