RA'AYINMU: Kafin a ce manomi ya sa guba

'Yan'uwa makiyaya da fataken shanu, ba sabon abu ba ne a karkarar Ngong a kora garke cikin gonar dawa bayan girbi, kafin azahar a iske saniya biyu ko uku a kwance, baki na kumfa, jiki na rawa. Nan take sai zargi ya faɗa kan mai gona. Daga nan sai gaban ardo, sai jandarma, wani lokaci har a zare takobi. Aikin wannan jarida kare haƙƙin makiyayi ne, to amma ba za mu kare shi da zato ba. Sau da yawa gubar tana cikin ganyen ne tun fil'azal.

Gyauron dawa, wato tohon da ke fitowa bayan an sare kara, yana ɗauke da wani sinadari wanda in ya isa tumbin saniya yake sakin gubar da masana ke kira sayanayid. Ta fi yawa a tsiron da bai wuce gwiwa ba, musamman wanda fari ya gasa sannan ruwa ya sauka masa. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci ma haka yake. Gubar nan tana hana jiki cin moriyar iskar da aka shaƙa, shi ya sa in mahauci ya yanka irin wannan dabba yakan ga jininta ja jawur.

To me ya sa wata ta ci ta rayu, wata ta ci ta mutu? Allah cikin ikonsa ya sanya wa hanta dabara. Takan ɗauki sayanayid ta haɗa shi da sinadarin farar wuta da ke cikin abinci, sai ya rikiɗa ya zama tayosayanet, wanda dafinsa bai kai ko kusa da na farko ba, kuma yana fita ta fitsari. Amma hanta tana da iyakar abin da za ta iya juyawa a lokaci guda. Saniyar da ta kwana da yunwa ta afka wa gyauro ta cika ciki, ta fi ƙarfin hantarta. Allurar da likitan dabbobi ke yi a jijiya, mai suna sodiyam tayosalfet, farar wutar nan take kai wa jiki da gaggawa. Sai dai mutuwar kan zo cikin mintoci ko 'yan sa'o'i, kuma ruga nawa ce ke da likita a kusa?

Shi kansa tayosayanet yana da nasa lahani in ya daɗe yana taruwa. Yakan tare hanyar sinadarin aidin a wuya, har a haifi ɗan maraƙi da maƙoƙo. Tun 1991 Kamaru ta wajabta sa aidin a gishirin ci, don haka mai sayen gishirin lasa ya duba buhu.

Abin mamaki kuma, ɗan kaɗan daga cikinsa yana nan a madarar saniya, yana taimakawa wajen hana ta saurin lalacewa. A 1991 hukumar Codex ta amince a ƙara miligiram 14 na sodiyam tayosayanet da 30 na sodiyam fakabonet a kowace lita, madarar ta jure sa'a 7 zuwa 8 a zafin digiri 30. Wannan aikin wanda aka horar ne a wurin tara madara. Kada wata uwargida ta gwada a ƙwaryarta.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. A ƙosar da shanu da busasshiyar ciyawa kafin su shiga gona, a shanya ɓawon rogo ya bushe ƙarau. In mutuwa ta auku, kada a yi saurin binnewa ko kai wa mahauta, a kira jami'in dabbobi ya ɗebi abin cikin tumbi tun da zafinsa, domin gubar tana gushewa da wuri. Muna kuma kira ga ɗakin binciken LANAVET da ke Bokle, kusa da Garwa, ya taimaka wa ardoji da irin wannan gwaji. In sakamako ya nuna hannun mutum, ƙungiya za ta bi maganar har kotu.