Likitan sa barci da ƙirƙirar kayan aiki: bukatar wa ake dubawa?

A ƴan shekarun nan wasu asibitocin koyarwa na ƙasar Amurka sun ƙara wani darasi a cikin horon likitocin da ke neman ƙwarewa a fannin sa barci, wato likitocin da ke sumar da majiyyaci kafin tiyata, su tsare numfashinsa da bugun zuciyarsa har ya farfaɗo. A can horon yana ɗaukar shekara 4 bayan kammala karatun likita. Darasin da aka ƙara shi ne koya wa matashin likita yadda zai gano matsala a ɗakin tiyata, ya ƙirƙiro abin da zai magance ta, ya nemi takardar mallakar ƙirƙirarsa, sannan ya kafa kamfani ko ya haɗa hannu da wani kamfanin domin abin ya kai kasuwa.

Kana iya cewa, mai karatu, wannan magana ce ta masu hali, ba ta shafi Maraɗi ko Damagaram ba. To ka tuna cewa galibin na'urorin da ke ɗakunan tiyatarmu daga waje suke zuwa. Abin da likitocin waɗancan ƙasashe suka ɗauka matsala ce, shi ake ƙera wa magani, kuma shi ne ke isowa gare mu bayan wasu shekaru, ko ya dace da halinmu ko bai dace ba.

Dalilin da ya sa aka fara da wannan fanni

Likitan sa barci yana yini ne a tsakiyar na'urori, idonsa a kan allo, hannunsa a kan bututun numfashi. Idan kayan aiki suna da aibi, shi ne farkon wanda zai gani, kuma cikin ƴan mintoci aibin ke iya cin rai. Shi ya sa tarihin fannin yake cike da masu ƙirƙira. Virginia Apgar, wadda ta fito da ma'aunin da ungozomomi ke duba lafiyar jariri da shi a mintin farko na haihuwa, likitar sa barci ce, ta kuma wallafa shi a 1953. Archie Brain na Ingila ya ƙera a 1981 wani abin numfashi da ake zaunar da shi a maƙogwaro ba tare da an zura bututu cikin hanyar iska ba.

Misalin da ya fi kowanne shi ne ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa domin auna iskar oksijin da ke cikin jini. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabararta a farkon shekarun 1970, amma ba ta bazu ba sai da William New, likitan sa barci a jami'ar Stanford, ya haɗu da abokansa suka kafa kamfanin Nellcor a 1981. Kafin wannan lokaci, launin leɓe da na farce likita ke kallo domin ya san ko majiyyaci na samun iska, sau da yawa kuma sai an makara ake ganewa. Zuwa 1990 na'urar ta zama wajibi a ƙa'idojin ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka. Masu goyon bayan sabon darasin da wannan labari suke kafa hujja: ilimin ya yi shekaru yana ajiye, sai da aka samu likitan da ya san bukatar kuma ya san kasuwa.

Yadda ake koyarwa

Yawancin shirye-shiryen suna koyi da tsarin Biodesign da likitan zuciya Paul Yock ya assasa a Stanford a farkon shekarun 2000. Ana haɗa likita da injiniya da masanin kasuwanci a rukuni guda. Makonnin farko ba a ƙera komai. Kallo kawai suke yi a asibiti, suna rubuta duk inda aiki ya tsaya, ko aka yi kuskure, ko ma'aikaci ya sha wahala, har su tara ɗaruruwan bukatu. Daga nan sai su tace, su rage ƴan kaɗan, kowace a rubuta ta cikin jimla ɗaya da ta faɗi matsalar, da mutanen da take damu, da sakamakon da ake nema. Sai bayan haka ake zancen na'ura, da izinin hukuma, da kuɗi. Tsarin ya fita daga Amurka: a 2007 an kafa reshensa a Indiya tare da babban asibitin koyarwa na AIIMS da ke Delhi.

Wannan tsari mai kyau ne, amma ka lura da inda rauninsa yake. Mutum ba ya rubuta bukatar da bai gani ba. Wanda ya yi kallonsa a asibitin da wuta ba ta ɗaukewa, ba zai taɓa sa ɗaukewar wuta cikin jerinsa ba. A matakin tacewa kuma, ɗaya daga cikin ma'aunan shi ne girman kasuwa, bukatar talaka kuwa a nan take faɗuwa.

Abin da na'urar yatsa ta ɓoye

Ita kanta na'urar auna oksijin ta nuna wannan rauni. Haske take aikawa ta cikin yatsa, launin fata kuma yana iya shafar abin da take karantawa. Masu bincike a San Francisco sun nuna haka tun 2005, amma ba a ɗauki maganar da nauyi ba sai lokacin annobar korona. A watan Disamba na 2020 likitocin jami'ar Michigan suka wallafa cewa a cikin awon da na'urar ta nuna kashi 92 zuwa 96 cikin 100, wato babu damuwa, gwajin jini ya nuna oksijin ya faɗi ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙen fata, a na fararen fata kuwa kashi 3.6 ne kawai. Ƙa'idar hukumar magunguna ta Amurka ta 2013 ta yarda a gwada na'ura da mutum 2 kacal masu duhun fata, ko kashi 15 cikin 100 na waɗanda aka gwada. Sai a watan Janairu na 2025 hukumar ta fitar da daftarin ƙa'ida mai tsauri.

Kada wannan ya sa ka raina na'urar. Rashinta ya fi kuskurenta haɗari nesa ba kusa ba. Wani ƙiyasi na 2010 ya nuna ɗakunan tiyata kusan 77,000 a duniya ba su da ita, abin da ya sa aka kafa ƙungiyar Lifebox a 2011 domin samar da mai ƙarko a kan dalar Amurka 250, wato sama da jika 100 a kuɗinmu. Abin da ake so daga ma'aikaci shi ne ya haɗa lambar da ke allo da kallon majiyyacin kansa, musamman idan lambar tana bakin iyaka.

Inda aka yi kallon a ɗakin da ya dace

Paul Fenton, likitan sa barci ɗan Ingila, ya yi kimanin shekara 15 yana aiki a asibitin Queen Elizabeth na Blantyre a ƙasar Malawi. Abin da ya gani kullum shi ne na'urorin sa barci na Turai suna tsayawa idan wuta ta ɗauke ko tukunyar oksijin ta ƙare. Na'urar da ya ƙera tana tace oksijin daga iskar ɗaki idan akwai wuta, idan babu ta koma tukunya, idan ita ma ta ƙare sai majiyyaci ya ja iskar ɗaki ta bi ta cikin maganin, ma'aikaci yana taimaka masa da mafuri na hannu. Duk wanda ya yi aiki a asibiti a Nijar a 2023, lokacin da aka katse wutar da ke zuwa daga Najeriya, ya san darajar irin wannan tunani. Wani bincike na jami'ar Duke a 2011 ya samu kusan kashi 40 cikin 100 na kayan asibiti a ƙasashe 16 masu tasowa ba sa aiki, galibi saboda rashin kayan gyara da rashin horo.

Farashin darasin

Akwai abubuwa biyu da masu suka ke faɗa, kuma suna da gaskiya. Na farko, lokacin horo ƙayyadadde ne, watannin da aka ba kasuwanci daga ɗakin tiyata aka cire su. Na biyu, likitan da ke da hannun jari a na'ura ba shi ne ya kamata ya yanke hukunci a kan amfani da ita ga majiyyacinsa ba. Shi ya sa dokar Amurka ta 2010 ta tilasta wa kamfanoni bayyana kuɗin da suke ba likitoci.

A wajenmu magana ta farko ta fi nauyi. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya tana neman aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000, ƙasashen yankinmu kuwa suna nesa ƙwarai da wannan adadi, kuma manyan ma'aikatan jinya da aka horar a fannin su ne ke ɗauke da yawancin aikin a asibitocin jiha da na gunduma. Cire likita ɗaya daga ɗakin tiyata domin ya kafa kamfani asara ce da za a ji nan take. Amma matakin farko na tsarin, wato kallo da rubuta bukata, ba ya cin kuɗi kuma ba ya cire kowa daga aiki. Idan kai ma'aikaci ne, ka ajiye littafi a ɗakin tiyata: ranar da aka ɗage aiki, dalili, wace na'ura ta tsaya, wane kayan gyara aka rasa, kwana nawa aka yi jira. Idan kuma kana cikin masu sayen kaya ko karɓar kyauta, ka tambayi ko na'urar tana aiki ba wuta, wa zai gyara ta a Yamai ko Tawa, a ina ake samun abubuwan da take ci, kuma a kan wane launin fata aka gwada ta.