Zuwa Ga Masu Haɗa Manhaja: A Ɓoye Baƙar Taga, A Bar Wa Matsala Hanyar Fitowa

'Yan'uwana masu sana'ar kwamfuta na Sabon Titin Mandawari da sauran unguwannin cikin birnin Kano,

Sana'armu ta wuce buga takardu da cike fom. Yau ɗan kasuwa daga Kurmi ko Kantin Kwari kan zo ya ce a haɗa masa 'yar manhajar rubuta rasit da lissafin bashi. Sai ka rubuta ta da Python, ka yi mata fuska mai maɓallai da Tkinter, ka ajiye fayil ɗin bat da zai tayar da ita. Ana dannawa sai baƙar taga ta fito ta tsaya a bayan manhajar. Yaron shago ya ga abin da bai gane ba, ya rufe, manhaja ta mutu da lissafin da ba a adana ba. Wannan asarar a wuyanmu take.

Ga dalilin. Windows na buɗe fayil ɗin bat ne da cmd.exe, shi kuwa da tagarsa yake zuwa. Shi ma python.exe a jikin tagar yake rataye, in ta rufe ya tafi. Rubuta @echo off ba ya kawar da ita, jerin umarnin kawai yake ɓoyewa.

Maganin yana cikin Python ɗin da kuka riga kuka saka: pythonw.exe, wanda ba ya buƙatar taga. Layi biyu a cikin fayil ɗin bat sun isa:

cd /d "%~dp0"
start "" pythonw.exe rasit.pyw

Na farko yana mayar da aiki cikin foldar da fayil ɗin bat yake. Na biyu yana tayar da manhajar, cmd ya kama gabansa ba tare da jira ba. Kada ku cire waɗannan alamomin zance biyu da babu komai a tsakaninsu, domin start yana ɗaukar abu na farko da ke cikin alamar zance a matsayin sunan taga. Masu Java kuma javaw ne nasu.

Duk da haka tagar za ta ƙyalla ta ɓace. In ba ku son ko ƙyallin, ku bar bat gaba ɗaya, ku yi shotkot da ke tayar da rasit.pyw da pythonw.exe kai tsaye. Tsohuwar dabarar ɓoye taga ta VBScript mai lamba 0 ma tana aiki, amma tun 2023 Microsoft ta sanar za ta janye VBScript daga Windows. Ga shi kuma da irin wannan dabarar cutar filash ke ɓuya, wadda ke mayar da foldojin mutane shotkot, shi ya sa manhajar tsaro kan tare ta.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Baƙar tagar nan, duk muninta, a nan kuskure ke bayyana. In kun ɗauke ta, pythonw ba shi da inda zai faɗi abin da ya same shi. Alhaji zai danna, shiru, ya sake dannawa, shiru, ga mai sayayya tsaye yana jiran rasit. Don haka ku fara gwada aikinku da python.exe har ya zauna daram. Ku sa manhajar ta riƙa rubuta kowane kuskure a wani fayil, da rana da lokaci. Ku sa ta fito da saƙo da Hausa, wanda yaron shago zai iya karanta muku ta waya. Ku sa ta adana kowane rasit nan take, saboda ɗaukewar wuta.

Sannan ku zauna da mai kwamfutar ku nuna masa abin da kuka saka da inda kuka saka shi. Mutumin da ya miƙa muku littafin bashinsa amana ya ba ku, yana da haƙƙin sanin duk abin da ke aiki a na'urarsa, har wanda idonsa ba ya gani.

Allah ya yi wa sana'armu albarka.

Ɗan'uwanku a sana'a,
daga Mandawari, Kano.